Yadda ake ɗaukar hoton tsuntsaye a fadamar Haɗeja da Nguru, ko da waya ce a hannunka

Duk wanda ya taɓa ɗaga waya zai ɗauki belbela tana bin shanu ya san yadda abin ke ƙarewa, kana matsawa tana tashi, in ma ka samu ka danna sai ka buɗe hoton ka tarar da wani ɗan farin ɗigo a tsakiyar ciyawa. Daga nan mutane da yawa suke haƙura, su ce ai wannan harkar sai mai kyamarar miliyoyi. Ni gaskiya ban yarda ba. Ɗaukar hoto ba sana'ata ba ce, sha'awa ce da nake yi ranakun hutu, amma abin da na gani da idona shi ne inda ka tsaya da lokacin da ka tsaya sun fi kayan da ka rataya a wuya tasiri a hoton tsuntsu. Bari in bi da kai daki-daki yadda nake yi in zan je fadamar Haɗeja da Nguru, tun daga shiri a gida har dawowa.

Abu na farko shi ne zaɓen lokaci. Fadamar nan tana tsakanin Jigawa da Yobe ne, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa su malale ƙasa bayan damina. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ruwa ya fara ja baya, sai tsuntsaye su tattaru a sauran tafkunan da suka rage, kuma a daidai lokacin ne baƙin tsuntsaye da suka gudo wa sanyin Turai da arewacin Asiya suke sauka, sun ƙetaro teku sun ƙetaro Sahara. Za ka ga agwagin Turai, ciki har da wani mai doguwar jela mai tsini, ga ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu da ke cika gonakin shinkafa, ga kuma namu na gida irinsu kirinjijiya da dinya da zalɓe da belbela. Saboda wannan arziƙin ne aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, kuma tun a 1989 Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin ya zo Dagona ganin tsuntsayen. Dagona tana ƙasar Bade, ƙarƙashin gandun daji na ƙasa na Tafkin Chadi, sai Baturiya a ɓangaren Jigawa. Ni na fi son ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba, ruwa yana nan da yawa, hazo kuma bai yi kauri ba tukuna. In ka bari sai Janairu tsuntsayen sun fi taruwa wuri ɗaya amma akwai ranakun da ƙura za ta rufe sama ka wuni ba ka ga rana sosai ba.

Kafin ka kashe kuɗin mota, ka yi sati biyu kana gwaji a unguwarku. Wannan matakin mutane suke tsallakewa kuma shi ne yake sa su dawo da memori cike da hotunan da ba sa amfanuwa. Kurciya a kan katanga, hazbiya, shirwa tana shawagi a saman mahauta, belbela a bakin kududdufi, duk sun isa ka koyi hannu. In lokacin bazara ne ma ga shamuwa nan tana zuwa ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari kafin ruwan farko, ita ba ta cika gudun mutane ba.

Sai kayan aiki. In kana da kyamara irin mai canjin gilashi, ko tsohuwar Canon ko Nikon ta hannu ce, nemi gilashin da ya kai milimita 300, irin 70-300 ɗin nan da ake samu gwanjo. A ƙananan kyamarori ma ribar ka ce, domin na'urar da ke karɓar hoton ƙarama ce, sai 300 ɗin ya yi maka aikin 450 a Nikon ko 480 a Canon. In kuma waya ce kawai gare ka, toh kar ka dogara da zum ɗin da ake ja da yatsa biyu, wannan ba kusanto da tsuntsun yake yi ba, yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya buɗa shi, shi ya sa yake fashewa. Dabarar ita ce ka samu madubin hangen nesa na ido biyu, wanda aka rubuta wa 8x42 ko 10x42, ka ɗora idon kyamarar wayarka a kan ido ɗaya na madubin. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana daidai da milimita 26 ne, in ka ninka sau 8 ɗin da madubin 8x42 ke kusanto da abu ka ga ka haura 200 ke nan, wanda ya isa ka ɗauki zalɓe yana tsaye a bakin ruwa har ka ga ƙwayar idonsa. Yadda ake yi: ka fara saita madubin da idonka har tsuntsun ya fito tar, sannan ka ɗora wayar, ka ɗan motsa ta a hankali har da'irar haske ta zo tsakiya, ka ɗan ƙara zum kaɗan yadda baƙin zoben da ke gefe zai ɓace. Akwai ɗan maƙalin roba da ake sayarwa mai riƙe wayar da madubin tare, in ka samu ka saya, don riƙe su da hannu biyu yana gajiyarwa. Wasu wayoyin masu ido uku suna sauya ido da kansu da zarar sun ji abu ya matso kusa, sai allon ya yi baƙi, in ka ga haka ka shiga wajen da aka rubuta Pro, a nan wayar za ta tsaya a kan ido ɗaya. Sauran kayan su ne batir na biyu ko fawa bank, memori mai sarari, ƙyalle mai laushi na goge gilashi, ledar da ake zugewa, ruwan sha, hula, da takalmin roba dogo. Tufafi kuma ka sa masu launin ƙasa ko toka ko kore mai duhu. Farar shadda mai sheƙi tun daga nesa tsuntsu zai hango ka.

Ranar tafiya, daga Kano ka nufi Haɗeja, in Nguru za ka sai ka ƙarasa, ka kwana a can domin aikin na asuba ne. Ka tambayi halin da hanya take ciki a wajen mutanen gari kafin ka fita, kuma dan Allah kar ka ɗaga kyamara a shingen jami'an tsaro. In Dagona ko Baturiya za ka shiga ka fara zuwa wajen ma'aikatan gandun ka nemi izini, su za su haɗa ka da wanda zai raka ka. In wani ƙauye ne na bakin ruwa, ka je ka gaida mai unguwa ko bulama ka faɗi abin da ya kawo ka, wannan gaisuwar ta minti goma tana buɗe maka ƙofofi da yawa. Sannan ka nemi masunci mai kwale-kwale ku yi ciniki tun da yamma. Masunta sun san inda kowane garke yake kwana da inda yake kiwo, sun kuma san hanyoyin da kacalla ta toshe, wato doguwar ciyawar nan da ta mamaye magudanan ruwan yankin tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka canza yadda ruwa ke zuwa. Kai baƙo ba za ka gane wannan da kanka ba ko da taswira ce a wayarka. Ka tambayi rigar kariya ta ruwa, kar kuma a cika jirgin da mutane.

Yanzu ga inda nake so ka fi mayar da hankali, wato wajen tsayawa. Kana idar da sallar asuba ka kama hanya, domin a hunturu rana tana fitowa wajen shida da rabi zuwa bakwai saura kwata a wannan yankin, kuma kana so ta same ka ka riga ka zauna. Ka zaɓi bakin tafkin da ke gabas, ka ba wa gabas baya, ruwan da tsuntsayen suna yamma da kai. Dalili biyu ne. Na ɗaya, hasken rana zai fito ta bayanka ya sauka a jikin tsuntsun, launin gashinsa ya fito, har ka ga ɗan ƙyalli a idonsa, kuma hasken sassafe ja-ja ne mai laushi saboda yana ratso iska mai kauri kafin ya iso gare mu, shuɗin da ke cikinsa ya watse a hanya. Na biyu kuma, wanda mutane ƙalilan ne suka lura da shi, tsuntsu yana tashi ne yana fuskantar iska, haka ma in zai sauka, kamar dai yadda jirgin sama yake yi, domin iskar da ke bugun fiffikensa ta gaba ita ke ɗaga shi. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa. Ka ga ke nan in ka ba wa gabas baya da safe, rana tana bayanka, iska ma kusan tana bayanka, duk garken da zai tashi ko zai sauka fuskarsa wajenka za ta kallo, ba jela za ka riƙa ɗauka ba. Wallahi ranar da na fara gane wannan, kirinjijiya suka taso kaina da fararen fuskokinsu suna wannan fito nasu, hotunan da na samu a rabin awa sun fi na duk tafiyoyina na baya. Da yamma lissafin yana rikicewa, rana ta koma yamma iska tana nan a gabas, sai dai ka zaɓi ɗaya. Shi ya sa nake ba wa safiya ƙarfina, yamma kuma in bar ta ga hoton inuwar tsuntsaye da masunta a gaban jar rana.

Da ka samu wurin, ka zauna ƙasa, kar ka tsaya ƙiƙam. Mutum a tsaye barazana ne a wajen tsuntsu, mutum a zaune a gindin ciyawa kuwa bayan minti ashirin ko talatin sun manta da shi, su da kansu za su dawo kiwo har kusa da ƙafarka. Zaman yana da wata riba, kyamararka ta sauko daidai tsayin idon tsuntsun, bayan hoton ya zama ruwa ko ciyawa mai nisa da ta narke, maimakon taɓon da ke ƙarƙashinsa. In dole sai ka matsa, kar ka nufe shi kai tsaye kana kallonsa, ka bi ta gefe kamar wucewa za ka yi, taku biyar ka tsaya. Da ka ga ya daina kiwo ya miƙe wuya, ka kai iyaka, ka dakata har ya sake sunkuyawa. A cikin kwale-kwale kuma ka roƙi mai jirgin ya daina tuƙi tun daga nesa ya bar jirgin ya silale da kansa, kai kuma ka kwantar da gwiwar hannunka a kan cinyarka.

Toh sai saitin kyamara, kuma ba shi da wahala kamar yadda ake tsoratar da mutane. Hoto haske ne da ya shiga ta wata ƙofa na ɗan lokaci. Abu uku kake juyawa: faɗin ƙofar, tsawon lokacin da take buɗe, da kuma yadda kyamarar ke ƙara wa hasken ƙarfi, wanda ake kira ISO. A hoton tsuntsu lokacin ne sarki. Ka juya kyamarar zuwa S in Nikon ce, ko Tv in Canon ce, sai kai ka zaɓi gudun shata, wato tsawon lokacin da ƙofar take buɗe, ita kuma ta zaɓi faɗin ƙofar. Tsuntsun da ke tsaye, 1/500 na daƙiƙa ya isa. Wanda ke tafiya yana kiwo, 1/1000. Mai tashi sama, 1/2000 in haske ya bari. Ka tuna duk lokacin da ka tashi daga 1/500 zuwa 1/1000 ka rage rabin hasken ne, don haka sai ka ninka ISO, daga 400 zuwa 800 misali, a dawo daidai. Kar ka ji tsoron kai shi 1600 da sassafe, hoto mai ɗan yashi-yashi ana iya gyara shi, wanda ya girgiza kuwa ya tafi ke nan. Fokas ka sa shi a ɗigo ɗaya ka ɗora a kan ido, in ido ya fito tar ko jela ta ɗan dushe ba wanda zai damu. Ga mai tashi ka sa fokas mai bin abu, AF-C a Nikon, AI Servo a Canon, ka kunna ɗauka a jere, ka bi tsuntsun da kyamarar kana juya ƙugunka gaba ɗaya, kar ka tsaya cak lokacin da ka danna. A wasu wayoyin ma ɓangaren Pro yana ba ka damar zaɓen gudun shata da ISO, kuma in kana amfani da madubin hangen nesa ka danna da maɓallin ƙara sauti na iyafis mai waya ko ka sa ƙidayar daƙiƙa biyu, don taɓa allon kaɗai yana girgiza hoton.

Akwai wani tarko da fararen tsuntsaye. Kyamara tana auna hasken wurin gaba ɗaya ne ta nemi tsaka-tsaki, in belbela tana gaban ciyawa mai duhu sai kyamarar ta ƙara haske don ciyawar, belbelar ta ƙone ta zama fari fat babu alamar gashi. Maganin shi ne maɓallin nan mai alamar +/-, ka rage zuwa -1. In kuma tsuntsu ne mai duhu a sararin sama mai haske, kamar dinya tana wucewa, ka ƙara zuwa +1, in ba haka ba baƙin abu kawai za ka samu. A waya ka taɓa jikin tsuntsun a allo sannan ka ja ɗan hoton ranar nan ƙasa ko sama. Bayan kowane ɗauka biyar ko shida ka duba ka buɗa hoton ka gani, kar ka bari sai ka koma masauki.

Kallon ɗabi'a ma wani mataki ne. Zalɓe in ya ƙame ya lanƙwasa wuya, sara zai kai, ka shirya. Akwai ɗan tsuntsun nan mai baƙi da fari da ke tsayawa cak a sama yana kaɗa fiffike kafin ya faɗo ruwa ya cafko kifi, shi yana yawan komawa reshe ɗaya ya zauna, in ka gane reshen sai ka saita fokas a kansa ka jira. Akwai kuma mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado kamar a ƙasa yake, yatsun ne ke raba nauyinsa a kan ganyen, ka yi ƙoƙari ƙafar ta fito a hoton domin ita ce labarin. Gauraka kuwa, duk da ita ce tsuntsuwar da ake alfahari da ita a ƙasar nan, ta yi ƙaranci ƙwarai saboda kamu da lalacewar fadamu, in Allah Ya sa ka gan ta ka ɗauka daga nesa, kuma kar ka wallafa ainihin wurin da ka gan ta. Haka ma sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya, ka bar ta. Sannan kar ka yarda a jefa dutse ko a buga jirgi don garke ya tashi ka samu hoto, waɗannan baƙin sun yi tafiyar dubban kilomita kuma kitsen da suke tarawa a nan da shi za su koma, duk tashin banza asara ce a gare su. Mutanen da ke aiki a wurin ma, masunta da manoman shinkafa da makiyaya da mata masu ɗiban ruwa, ba a ɗaukarsu sai an tambaya.

Wajen ƙarfe goma ka tattara. Rana ta yi sama, inuwa ta yi kaifi, kuma zafin da ke tashi daga ƙasa da ruwa yana sa iska ta riƙa rawa, duk abin da ke nesa sai ya fito a dagule komai tsadar gilashinka. Lafiyarka ma abin dubawa ce, kar ka shiga ruwan kwance da ƙafa ba takalmi saboda tsargiya, ka kuma kwana cikin gidan sauro.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar kyamara. Kar ka cire gilashi a fili iska tana kaɗawa, ka ɗaura wanda za ka yi aiki da shi tun a ɗaki. In ba ɗauka kake ba ka mayar da ita cikin leda ka zuge. Wajen gogewa ka fara hure ƙurar da ɗan famfon roba kafin ka sa ƙyalle, domin ƙurar nan yashi ne mai laushi, in ka murza ta a kan gilashi karce shi za ta yi.

Da ka dawo gida ka kwafe hotunan wuri biyu kafin ka goge komai, sannan ka zauna ka tace ba tausayi, cikin ɗari uku in ka fitar da goma masu kyau ka yi ƙoƙari. Gyara kaɗan ya isa, manhajar Snapseed ko Lightroom na waya za su yi: ka yanke hoton ka bar fili a gaban bakin tsuntsun, ɓangaren da yake kallo, ka ɗan ƙara bambancin haske da duhu don rage farin hazo, launi kuma ka bar shi yadda Allah Ya yi shi. Manhajar Merlin tana taimakawa wajen gane nau'in tsuntsu daga hoto, amma ka riƙa rubuta sunan da masuncin ya faɗa maka shi ma, da Hausa ko Badanci ko Barbarci, tare da rana da wuri. In ka buɗa hoto ka ga zobe a ƙafar tsuntsu, ko ƙarfe ko roba mai launi da lambobi, kar ka goge shi ko da bai yi kyau ba, masu bincike ne suka sa masa, wataƙila a wata ƙasa ta Turai, kuma lambar tana nuna inda ya fito. Irin wannan hoton da jerin tsuntsayen da ka gani za ka iya sa su a eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke tara bayanansu, ko ka tuntuɓi cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos, su ne ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da 'yan sa-kai suke tara wa bayanai. Sai kuma ka wanke hoto biyu ko uku a takarda ka ajiye a jakar kyamara, in ka koma ka miƙa wa mai kwale-kwalen da ya kai ka.